Daƙiƙa Biyu Daga Muryar Baba

Tun kuna yara kuke jin ana cewa Goggonku Rifkatu ce ta salwantar da muryar kakanku. Kun ji a bakin Kawu Bawa, kun ji a bakin mata wajen sussukar dawa, kuma kun sha ganina zaune ana faɗa ban ce uffan ba. To yau zan ce. Ba ita ba ce. Zan ba ku labarin yadda abin ya faru daki-daki, domin in na ce muku kawai "ni ne" za ku ɗauka tsufa ne ya sa nake neman rufa wa ƙanwata asiri.

A shekarar da na ajiye kaki na dawo Zuru, da ku da uwarku da akwatunan ƙarfe huɗu, ba abin da na kawo daga soja da ya kai hali nauyi. A sashen sigina na yi aikina, wurin rediyo da waya, inda kuskuren harafi ɗaya kan iya aika mota cike da mutane inda bai kamata ba. Can aka koya mini cewa abin da aka rubuta ba a tsallake shi, kuma abin da ka ga na gaba da kai ya yi, ka rubuta, gobe ka yi kamar yadda ya yi. Ina da ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya barin aljihun rigata. Uwarku takan ce da ana rubuta yadda ake shan kunu, da na rubuta, na kuma tsayar da ku a layi kuna sha da lamba. Ba ta yi mini ƙarya ba.

Ku kuwa a bariki aka haife ku, Hausar bariki kuka tashi da ita da ɗan Turancin makaranta. Ranar da muka iso, Baba ya fito daga ɗakinsa da sandarsa, ya gaishe ku da C'lela, yarenmu na gida, kuka tsaya kuna washe masa baki kamar kun ga Bature. Ya sake gaisuwar. Kuka dube ni. Baba bai yi faɗa ba, shi ma tsohon soja ne kuma ya san yadda bariki ke cinye harshen yaro, amma na ga ya juya ya koma ɗaki bai taɓa tsarabar da muka kawo masa ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Rifkatu ce autar gidanmu. Na girme ta da shekara goma sha takwas, har goya ta na yi kafin in tafi horo. Ita ce ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a Kaduna a wani ƙaramin kamfani inda ake rubuta manhaja. A farkon daminar nan ta sami dogon hutu ta zo gida da kwamfuta a cikin kwali, da sifika biyu da ɗan makirifo. Da ta ji abin da ya faru tsakaninku da Baba, sai ta ce:

"Yaya, abin ai ba wuya. Mu yi musu manhaja. Yaro ya danna kalma da Hausa, ya ji Baba da kansa yana faɗa masa da yarenmu. Mu sa labarai da waƙoƙin noma. Ko bayan ransa suna da malami."

Na ce mata ta daina ambaton bayan rai a gaban tsoho. Baba, wanda muka ɗauka barci yake yi a kujerarsa, ya ce:

"Bar ta ta hwaɗi. Ni dai ba dutse ba ne."

Haka muka fara. Kusan wata biyu, kullum da hantsi in Baba ya sha kunu, sai mu tada ɗan janareta can bayan rumbu don kada ƙararsa ta shiga, mu zauna a ɗakin baƙi. Rifkatu tana kan kwamfuta, Baba yana gaban makirifo ya miƙe wuya kamar za a ɗauke shi hoto, ni kuma aikina in karanta kalma daga takarda in ba shi alama. Ba mu yi amfani da kaset ba, kai tsaye muryar take shiga kwamfuta, kowace kalma da fayil ɗinta. Baba ya faɗi sunan itatuwan kan dutse, da kalolin dawa, da yadda ake gaida suruki, da yadda ake zagin rago ba tare da an kama sunansa ba. Ya ba da labarin golmo, shekarun da ya yi yana noma gonar mahaifin Mama kafin a ba shi ita, Mama tana bakin ƙofa tana gyara masa lissafi, tana cewa shekara ɗaya cikinsu ciwon ƙarya ya yi. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai yawa haka ba tun da aka haife ni.

Dole in yi muku bayanin yadda aikin yake, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. Manhaja ba a dunƙule take zuwa ba. Kalmomin da aka buga suna folda ɗaya, muryoyi suna wata, rubutun da Rifkatu ta yi na sarrafa su yana wata. Sai kuma fayil guda da ta kira takardar haɗi, inda ta jera umarni layi-layi: ɗauko wannan, jera wancan, duba ko kowace kalma tana da muryarta, sannan a ɗinke su wuri ɗaya. In ka buɗe wata baƙar taga a sikirin ka buga kalma ɗaya, "haɗa", sai kwamfuta ta bi takardar daga sama har ƙasa, ta fito da manhajar sabuwa fil. Ranar da na fara ganin rubutu yana gudu a baƙar tagar nan, kowane umarni yana bin na gabansa ba gardama, na ji daɗi ƙwarai. Na ce ashe akwai wani abu a gidan nan da ya san tsari.

Wata rana da la'asar, bayan mun gama ɗaukar murya gaba ɗaya, Rifkatu tana sauraron fayilolin sai na ji ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Na ce lafiya? Ta kunna mini ɗaya, ta kunna na biyu, ta kunna na goma. Kowane ɗaya da muryata yake farawa, da ƙarfi kamar a filin fareti: "To, Baba!" Sai ɗan shiru, sannan Baba ya yi magana.

"Yaya, jikoki za su ɗauka kai ne kakan," in ji ta. "Ɗari bisa ɗari, duk kai ne a gaba."

"Sai mu sake ɗauka ke nan?"

"Haba. Bari ka gani."

Ta buɗe baƙar taga ta buga wani dogon umarni, ta ce zai bi kowane fayil na murya ya yanke daƙiƙa biyu daga farkonsa, ya ajiye ragowar a madadin na da. Ni kuwa tuni na zaro littafina ina kwafa harafi da harafi, har da ɗigo da ƴan sanduna. Ta danna. Kafin ka ce kwabo an gama. Ta kunna, babu ni, sai Baba tsaf. Kuma zan faɗi gaskiya a nan, domin ita ce gaskiyar da ta fi yi mini ɗaci: tana dannawa ta ce, "Wannan na yau ne kawai." Ta faɗa, kunnena ya ji. Amma hankalina yana kan kada in tsallake ɗigo, ban rubuta wannan maganar ba. Abin da ban rubuta ba kuwa, a wurina kamar ba a faɗe shi ba ne.

Bayan kwana kaɗan hutunta ya ƙare. Ta bar mini kwamfutar da aiki uku. In ci gaba da buga fassarar kalmomi daga littattafan rubutu da muka cika. In na buga, in yi "haɗa" don in ga ko na yi kuskure. Duk ranar Asabar kuma in kwafe aikin gaba ɗaya a filash, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, sabo ya hau kan tsoho, domin filash ɗin ƙarami ne ba ya ɗaukar biyu. Ta ce za ta dawo da Kirsimeti a kunna wa kowa.

Satin farko bayan tafiyarta na yi abin da kowane saje yake yi in an bar masa sito, na zauna duba kaya. Na buɗe takardar haɗi, na buɗe littafina, ina bi layi da layi ina sa alama. Duk umarnin da na rubuta na same shi a takardar, sai ɗaya. Dogon nan, mai yanke daƙiƙa biyu. Na duba sau uku, babu. Sai na yi murmushi na ce yarinya dai yarinya ce, komai karatunta. Ta yi abu mai kyau ta manta ba ta shigar da shi cikin tsari ba. A lokacin waya ta shigo gari, akwai mai lema a bakin kasuwa da ake biya a buga, tafiyar minti goma daga gida. Na yi tunanin in kira ta. Sai na ce haba, ni da na yi shekaru ina gyara rediyon da ke ɗauke da ran mutane, zan je in tsaya a layi in tambayi autarmu a kan layi ɗaya? Matambayi ba ya ɓata, na san wannan tun ina yaro, amma ranar girma ya hana ni. Na buga umarnin a can saman takardar, na duba kowane ɗigo, na yi "haɗa". Rubutu ya gudu, ba kuskure ko ɗaya. Na je na gaya wa uwarku na gyara wa Rifkatu aikinta. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, injiniya."

Za ku ce me ya sa ban saurara ba. Da farko, sifika biyun nan duk sun ƙone. Janareta ya yi wani tari wata rana, na ji ƙauri, shi ke nan. Aikina kuma rubutu ne, ba ya bukatar kunne, kuma takardar haɗi abin da take dubawa shi ne ko fayil yana nan, ba ta duba ko akwai wani abu a cikinsa. Na biyu kuma, dawa ta fara fitar da kai Baba ya kwanta. Kwana tara ya yi. Muka binne shi a gefen gonarsa ta gindin dutse kamar yadda ya roƙa. Rifkatu ta zo jana'iza, ta kwana uku, ba wanda ya ko dubi kwamfuta. Bayan haka ina iya aron sifika a coci ko a shagon masu kaset, ba wanda zai hana ni. Ban ara ba don ina tsoro. Na san in na ji muryar nan ni kaɗai a ɗaki zan yi kuka, ni kuwa ban yi kuka a bakin kabari ba, kuma ina alfahari da hakan.

Mama ce ta riƙe kwamfutar nan kamar mutum. Ta ɗauko zanenta na zuwa coci ta yi mata lulluɓi. In za ta wuce ƙofar ɗakin baƙi sai ta rage sauri. Tana gaya wa masu zuwa gaisuwa, da yarenmu, cewa ita ba ta yi rashi duka ba, maigidanta yana cikin akwati, da Kirsimeti zai yi magana. Wata rana ta tsaya a kaina ina aiki ta ce da Hausarta:

"Ishaya, shina nan lahiya?"

Na ce, "Yana nan, Mama. Kullum ina duba shi."

Kuma kullum ɗin nake yi. Baƙin ciki ya sa na ƙara ƙaimi, domin ni ban san wata hanyar makoki ba sai aiki. Da ina yin "haɗa" sau ɗaya a rana, sai na koma safe da yamma, kamar ɗaga tuta da sauke ta. Ranar da ban buga ko kalma ɗaya ba ma sai na yi, don in ga rubutun nan yana gudu in ji cewa wani abu yana tafiya daidai. Ranar Asabar kuma in kwafe a filash, ban taɓa fashi ba. Wata huɗu da ɗoriya ina haka.

Ranar Kirsimeti gidan ya cika. Dangin Mama sun zo daga wajen Danko, ƴaƴan baffanmu daga Kanya, har waɗanda suka musulunta suke kasuwanci a Bena sun zo, domin murya ba ta da addini. Kawu Bawa, yayan Mama, shi ne babba, aka sa masa kujera a gaba. Motar su Rifkatu ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai bayan an taso daga coci. Ko ruwa ba ta sha ba, ta fito da sabuwar sifika daga jaka, muka ɗauko tebur muka kafa a inuwar tsamiya, muka jawo waya. Mama da kanta ta yaye zanen. Ku ma kuna nan, a kan tabarma a gaba, da sababbin kaya.

Rifkatu ta ce wa babbar cikinku ta zo ta danna kalmar farko. Ta danna "ruwa". Ba a ji komai ba. Aka yi ƴar dariya, wani ya ce Baba yana jin kunyar taro. Rifkatu ta murɗa sifika, ta cire waya ta mayar, ta kunna wani sauti na kwamfutar kanta, ya fito da ƙarfi har jarirai suka firgita. Ta danna "dawa". Shiru. "Suruki". Shiru. Ta danna wajen ashirin a jere, da sauri da sauri, ina jin ƙarar dannawar, ba abin da ke fitowa. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ni a lokacin ko kusa ban kawo kaina a ciki ba. Haushi ma nake ji, ina cewa a raina ga abin da gaggawa take jawowa, da ta zo jiya da an gwada.

Sai ta ce bari ta kunna dogon labari, na golmo. Wannan shi ne mafi tsawo a cikinsu, ya kai minti shida ko bakwai ranar da muka ɗauka. Ta danna. Sai muryar Baba ta fito. Mata suka sa salati da kabbara da "Yesu" duk a haɗe, Mama ta dafa ƙirji. Abin da aka ji shi ne ƙarshen dariyarsa, sai tari, sai ya ce da Hausa:

"To, ya isa hakanan. Kashe abin naki."

Shi ke nan. Fayil ya ƙare.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba, har a wurin da aka yi harbi aka daina. Mama ta miƙe tsaye a hankali, ta dubi sifikar, ta dubi Rifkatu, ta ce:

"Maido shi baya. Ina farkon?"

Rifkatu ta koma kan kwamfutar. Ta bar manhajar ta shiga foldar muryoyi. Ina tsaye a bayanta, ina ganin sunayen fayiloli a jere, ɗaruruwa, kowane da sifili a gabansa, wato babu komai a cikinsa. Ta ce in ba ta filash. Na zaro daga aljihu na ba ta da ƙarfin gwiwa, har ina cewa jama'a su kwantar da hankali, akwai ajiya, Asabar ɗin nan ma na kwafe. Ta buɗe. Sifili ne, iri ɗaya, layi bayan layi. Ta ce a hankali, "Wannan ba ƙwayar cuta ba ce. Wani abu ne yake cin su daga gaba." Sai ta buɗe takardar haɗi.

Yatsanta ya tsaya cak a layin farko. Na san layin, ni na buga shi, ba ɗigon da ya ɓata. Na dube shi, na dubi sifilan nan, sai lissafin ya faɗo mini gaba ɗaya. Daƙiƙa biyu da safe, daƙiƙa biyu da yamma. Ran farko ya ci farkon kalma. Kafin sati ya zagayo ya cinye kalmomin duka, tun Baba yana raye yana shan kunu a tsakar gida, lokacin da za a iya sake zaunar da shi. Sannan ya shiga waƙoƙi, sannan labarai, kullum da hannuna, ina zaune ina jin daɗin yadda rubutu yake gudu. Umarnin da aka yi don a cire muryata, shi na sa ya cinye ta ubana. Na kama bayan kujerarta. A lokacin ne na ji maganarta ta ranar nan tar a kaina, "Wannan na yau ne kawai."

Kawu Bawa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ke Rifkatu! Mi kika yi ma tsohon ga? Wata biyu kina wahal da shi, kin sa shi ya zube abin da ke cikinai duka, yanzu ki ce muna babu? Hwaɗi mu ji!"

Rifkatu ba ta waiwayo ta dube ni ba. Da ta waiwayo da kowa ya gane. Na ga ta sa alama a kan layin, ta goge shi, ta rufe takardar. Sannan ta tashi ta je gaban Mama ta durƙusa.

"Mama, kuskurena ne. Akwai abin da ya kamata in tsare ban tsare ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga idanun dangi, na ga Kawu, na ga ku a kan tabarma, na tuna ni ne Saje Ishaya wanda ake kawo wa rigimar gona ya raba, wanda bai taɓa makara ba. Na rufe bakin. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ba wanda ya tilasta mini. Mama ta ɗauki zanenta ta ninke, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har baƙi suka watse. Naman da aka dafa ranar sai almuru aka rarraba wa maƙwabta.

Washegari da safe na raka Rifkatu tasha, da kwamfutar a kwali, za ta kai wa waɗanda suka fi ta sani ko za a iya tono wani abu. Ba a tono komai ba, an rubuta a kan wurin sau ɗari. Muna jiran mota ta cika na ce mata:

"Ni ne."

"Na sani, Yaya. Ni ban taɓa sa wannan umarnin a takardar ba."

"Na ga babu shi a ciki. Na ɗauka kin manta."

Sai ta ce, "Akwai abin da ake yi kullum, akwai abin da ake yi sau ɗaya a bar shi. Ko wanzami sai ya jira gashi ya tofo kafin ya sake aski. Murya kuwa ba ta tofowa." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta yi faɗan. Ta ce ita ma da nata laifin, da ta ajiye na asali a faifai kafin ta tafi. Na ce wannan ba hujja ba ce, zan koma gida yanzu in faɗa wa Mama.

"Kada ka faɗa yau," in ji ta. "Ni tafiya zan yi. Kai ne za ka zauna da ita, kai za ka kai ta asibiti, a hannunka za ta karɓi magani. In ta ƙi ganinka, wa ya rage mata? Bari ta huce tukuna."

Na karɓi wannan magana da hannu biyu, domin ta yi mini daɗi. "Kada ka faɗa yau" ta ce. Ni na mayar da yau ɗin shekara goma sha ɗaya. Ana cewa babba juji ne, amma a gidanmu auta ce ta zama juji, babban yana zaune a kujera ana gaishe shi. Mama ba ta taɓa zagin Rifkatu ba, ba halinta ba ne. Ta dai daina yi mata hirar Baba. In Rifkatu ta shigo ana labarinsa sai Mama ta sauya magana. In an tashi shawara ta gida ba a nemanta, Kawu yakan ce a bar ƴan boko, sun riga sun nuna mana iyakarsu. Ranar bikinta Mama ta zo, ta zauna, ta yi duk abin da uwa take yi, amma waƙar da take rera wa kowace ɗiya ta gidan in za a fita da ita, ba ta rera ba. Na ga Rifkatu ta tsaya a bakin ƙofa tana jira, har aka ce mota na jira. Ina nan tsaye da babbar riga. Sau nawa na shiga ɗakin Mama da niyyar faɗa, in tarar tana murna da zuwana, in ce gobe.

Da Mama ta kwanta ciwonta na ƙarshe aka aika Kaduna. Rifkatu ta iso da tsakar rana, ta shiga ta zauna a bakin gado. Ina gefe riƙe da kofin ruwa da cokali. Mama ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta, sannan ta laluba ta kama hannunta.

"Auta, kin zo?"

"Na zo, Mama."

"Abin nan na babanku. Na riƙe ki da shi da daɗewa. Ba da gangan kika yi ba, na sani. Na yahe miki."

Rifkatu ta sunkuyar da kai. Wannan karon ta dube ni, sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai cewa ga ƙofa a buɗe. Na ce a raina tsohuwa tana kan tafiya, don me zan ɗaga mata hankali yanzu. Ko a nan ma na sami dalili. Rifkatu ta juya ta ce:

"Na gode, Mama."

Mama ta cika kafin la'asar, ta tafi tana ganin ta yafe wa mai laifi. Ni ba a yafe mini ba, domin ban taɓa roƙa ba, kuma wadda zan roƙa ba ta nan. Goggonku tana raye. In kun gama karanta wannan, kada ku zo wurina ku ce ba komai. Ku je Kaduna ku durƙusa mata, sannan ku bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka taɓa ambatar sunanta da wannan magana, ku faɗi cewa laifin nawa ne.